Rufe Littafin, Ki Kawo Karatun Da Ka

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako, wata yarinya ce 'yar maƙwabtanmu a nan Gyaɗi-Gyaɗi, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Ranar da sakamakon jarrabawarsu ta fita sakandare ya fito, uwarta ta shigo gidanmu bayan la'asar, ko mayafin kirki ba ta tsaya yafawa ba, ta zauna bakin tabarma ta miƙo mini takardar da aka bugo musu a shagon intanet, ta ce, "Malama, duba mini nan, ko yaran ne ba su gani daidai ba." Na duba. Turanci D7, Lissafi E8, Bayoloji D7. Uwar ta ce, "Wallahi Malama yarinyar nan ba ta barci. Ko tuwo take tuƙawa littafi na gefenta." Kuma ba ƙarya ta yi ba, gama ni shaida ce. Sau da yawa in na fito tsakar gida cikin dare nakan hango hasken tocilarta ta tagar ɗakinsu.

Washegari na sa aka kira mini yarinyar, ta zo da littafin da take rubuta darasin Bayoloji. Littafi tsaf, rubutu kamar na inji, ko'ina an ja layi da jan biro. Na buɗe shafin da ya fi shan layi, kan yadda jini ke zagaya jiki, na ce ta karanta. Ta karanta ba gargada. Na rufe littafin na ɗora bisa cinyata, na ce, "To, gaya mini abin da kika karanta." Ta fara, ta yi jimla ɗaya da rabi, ta tsaya. Ta miƙo hannu wajen littafin, na hana ta. Sai ga hawaye, ta ce, "Anti, na san shi fa. In na gan shi na san shi."

To, ciwon ke nan, kuma ba ita kaɗai ke fama da shi ba. Ido in ya bi shafi sau biyar, sau shida, sai ya saba da shi kamar yadda kika saba da fuskar mai kayan miyan da kike wucewa kullum a kasuwar Tarauni. Kin san fuskarsa sarai, amma a ce ki faɗi sunansa sai ki yi shiru. A ɗakin jarrabawa kuwa ba wanda zai nuna miki shafi ya tambaye ki ko kin taɓa ganinsa. Farar takarda za a ajiye miki, a ce fito da abin da ke kanki.

Ku dubi abin da ke rataye da wannan. Kafin yarinya ta shiga jami'a ana neman kiredit 5, cikinsu tilas da Turanci, a yawancin fannoni kuma har da Lissafi, makarantun koyon aikin jinya kuma su ƙara da cewa sauran ukun su zama Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 sunansu an haye, amma ba su buɗe ƙofa, F9 kuwa faɗuwa ce warwas. A 2024 hukumar WAEC ta ce kashi 72.12 cikin 100 na 'yan makarantar da suka zauna jarrabawarta a Nijeriya ne suka sami kiredit 5 ɗin nan haɗe da Turanci da Lissafi, watau cikin kowane 100 kusan 28 sun koma gida hannu rabbana. Namiji in ya faɗi, sau da yawa akan ce ya sake. Ke mace kin san yadda zancen yake tafiya: uba ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ga masu sallama a ƙofar gida, kafin ki farga an sa rana. Ba aure nake kushewa ba, ni ma a ɗakin mijina nake. Amma yarinyar nan tun tana firamare, in muka bi Titin Zariya ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, take nuna mini ma'aikatan jinya cikin fararen kayansu, tana cewa ita ma wata rana.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan yarinya da ta kasa kawo shafi ɗaya na Bayoloji tana da haddar izu 20 a Islamiyya. Na tambaye ta yadda aka yi ta riƙe su. Ta ce, "Ai Anti wannan daban ne." Ni kuwa na ce ba wani daban, ƙwaƙwalwa ɗaya ce take zuwa makarantun biyu.

Ki tuna makarantar allo, ke da kika yi ta. Malam ya yi miki ɗori, ki koma gefe ki yi ta biyawa, amma ba a wanke allo don kawai kin ce kin iya. Sai kin durƙusa gaban malam, ya karɓe allon, kin kawo karatun da ka. In kika yi tuntuɓe ya ce koma. Sa'an nan wanda aka wanke ba a sallame shi ke nan ba, akwai tilawa, kullum ana komawa baya ana jawo na jiya da na shekaranjiya da na watan jiya. Duk mai hadda ta sani, in ta yi mako biyu ba ta waiwayi wani izu ba, za ta tarar ya soma zubewa. Ku dubi kuma musabaƙa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shirya ta ƙasa baki ɗaya a 1986. Alƙali ya ɗauko daga inda ya ga dama, ya ja baki, ki ci gaba. Ba wata 'yar musabaƙa da ke yin shiri ta hanyar zama tana kallon shafi tana jan layi. Abu biyu ne a nan: kawowa da ka, da komawa baya a kan kari. 'Yan matanmu sun iya su tun suna 'yan shekara shida, amma sai su bar su a ƙofar Islamiyya, su tafi boko da kallon littafi.

Ni ba wata babbar takarda gare ni ba, ta malanta ce mai daraja ta biyu, saboda haka kada ku ce ra'ayin malamar firamare ne kurum. Masana sun auna abin nan da ma'auni. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga littafi a 1885 bayan ya shafe shekaru yana haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta rage sauri. Bayan kwana ɗaya tak, sai da ya sake kashe kusan kashi biyu cikin uku na lokacin da ya kashe da fari kafin ya maido da haddar. Ya kuma ga cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya.

Wanda ya fi kama da labarin yarinyarmu shi ne gwajin da wasu malamai biyu, Roediger da Karpicke, suka yi a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, aka buga a 2006. Sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi har zama huɗu. Wani kashin zama ɗaya suka yi da shi, sa'an nan aka karɓe, aka ba su farar takarda har sau uku su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba, sun tuna kashi 83 cikin 100, masu farar takarda 71. Amma da aka gwada bayan mako guda, masu maimaitawa sun faɗo 40, masu farar takarda suna 61. Abin dariya, da aka tambaye su tun farko, masu maimaitawar ne suka fi sakankancewa cewa za su tuna. Su ma dai "in na gan shi na san shi" ce ta yaudare su.

Saboda haka, 'yar makaranta, ga yadda nake sa ƙannena su yi, kuma ba ya cin ko kwabo. Ki karanta darasi ɗaya a natse, kamar minti 20, har ki gane abin da yake nufi. Ki rufe littafin, ki zauna a kansa in kin san hannunki ba ya jin magana. Ki ɗauko takardar da ba a bukata, bayan tsohuwar kalanda ko ragowar littafin bara, ki rubuta duk abin da kika tuna. In zuciya ce ki zana ta da ɗakunanta huɗu, ki sa wa kowanne suna, ki ja kibiya ki nuna inda jini ke shiga da inda yake fita. Sai kin ga kan ya ƙafe sarai sa'an nan ki buɗe littafin ki gwada. Nan ne jan biro ke da aiki: abin da kika manta ko kika juya, shi za ki rubuta da ja. Wannan jan rubutun shi ne karatunki na gobe, ba sai kin sake bin shafin duka ba.

Ina gaya miki tun yanzu, ba za ki ji daɗinsa ba. Maimaita karatu yana da sanyi a rai, kina ji kamar kina ci gaba. Rufe littafi kuwa tona asiri ne, ranar farko za ki ga takardar kusan fara fat, ranki ya ɓaci, ki ce ashe ba ki san komai ba. Gara ki gane haka a ɗakin uwarki a watan Nuwamba da ki gane shi gaban mai tsaron jarrabawa a watan Mayu.

Ga abubuwan da sai an riƙe su daram, irin alamomin sinadarai da ƙa'idojin Fiziks da ma'anar kalmomi, ki yanka kwalin sukari ko na sabulu ƙanana-ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya. Ki nemi gwangwanin madara uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Asabar. Katin da kika amsa daidai ya ƙara gaba, wanda kika faɗi ya koma na farko ko da daga na uku ya fito. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan dabara a 1972 da akwati mai gida-gida, amma ni da na gan ta tilawa na gani an zuba a gwangwani. Kati goma na shiga aljihun jaka, kuma cunkoson da ake yi da safe daga Unguwa Uku zuwa Gadar Dangi ya ishe ki ki bi su sau biyu a cikin adaidaita.

Sa'an nan kada ki jira aji shida. Jarrabawar fita ta WAEC da ta NECO karatun shekara uku suke tambaya, tun daga aji huɗu. Ku 'yan makarantun gwamnati a nan Kano ma ga jarrabawar tantancewa da kuke yi a aji biyar, wadda da ita ake duba waɗanda gwamnatin jiha za ta biya wa kuɗin jarrabawa, kuma kun san gidaje nawa ne in ba a biya ba shi ke nan. Abin da aka koya yau a waiwaye shi gobe, sa'an nan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Kowace waiwaya ba ta wuce minti goma in an yi ta a kan lokaci. Wadda ta bari sai watan Afrilu, ga zafin Kano ya kai inda ya kai, ga ba wuta, ga littattafan shekara uku jibge a gabanta, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma fa in yi gyara, kada a ce Malama ta ce a haddace Lissafi. Nan kwatancen allo ya tsaya. Lissafi ba a karanta shi, yin sa ake yi. Na sha ganin yarinya ta buɗe misalin da malam ya warware a allo tana bi da ido tana gyaɗa kai, kamar mai kallon ana tuƙa tuwo tana tsammanin ta iya. Rufe warwarar, ki kwafi tambayar kaɗai, ki yi da hannunki har ƙarshe. In kin maƙale ki leƙa layi ɗaya, ki sake rufewa. Kuma kada ki yi tambaya 20 iri ɗaya a jere, gama ta uku hannu ne ke yi, kai ya tafi hutu. Ki gauraya su, ɗaya ta kusurwa, ɗaya ta riba da faɗuwa, ɗaya ta zanen jadawali, domin a jarrabawa wahalar farko ita ce gane wace hanya tambayar ke so. Masu duba takardu kuma suna ba da maki a kan matakan aiki, saboda haka wadda ta saba rubuta amsa tsirara ba tare da nuna hanya ba tana zubar da makin da ta riga ta wahala a kansa.

Turanci shi ne babban dutsen da 'yan matanmu ke tuntuɓe da shi, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da daga gida har kasuwa har filin makaranta Hausa muke yi. A tsarin da WAEC ta saba, ana son insha'i mai kalma kamar 450, makinsa 50. Cikin 50 ɗin nan 10 ne kawai na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko harafi ko aya ke cin rabin maki. Watau kuskure 20 sun cinye goman nan ƙurmus. Wannan ba ya gyaruwa da haddace wasiƙar da wani ya rubuta. Sai kin rubuta naki, ko shafi ɗaya ne a mako, kin kai wa malamin Turanci ko wata yaya da ta yi gaba ta zana miki ja, kin kuma tara kurakuranki a bayan littafi kin ga waɗanda ke dawowa. Yawanci ba su wuce biyar ko shida ba, su ne dai kullum. Kada kunya ta hana ki nunawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sashen taƙaitawa kuma, mai maki 30, masu duba takardu sun daɗe suna kuka da masu kwaso jimlar marubuci ɗungurungum su ajiye a matsayin amsa. Maganinsa dai shi ne wancan: karanta sakin layi, rufe, faɗi abin da ya ce da kalmominki cikin jimla ɗaya. Rahotannin manyan masu duba takardun nan, darasi bayan darasi, hukumar takan sa su a shafinta na intanet, kuma sun fi yawancin abin da kuke kashe data a kansa amfani.

Littafin tambayoyin shekarun baya kusan kowace yarinya tana da shi, amma yawanci karanta shi ake yi kamar labari, a dubi tambaya a juya baya a dubi amsa. Wannan ɓarnar kuɗi ce. Ki ajiye agogo, ki zauna kamar a ɗakin jarrabawa, ki gama sa'an nan ki duba. Musamman ke mai shirin JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi: tambaya 180 cikin awa 2, watau daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. In ba ki taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ki roƙi a kai ki inda za ki taɓa ko sau uku ne kafin ranar, kada rawar hannu ta cinye miki minti goma na farko.

Masu zuwa da zancen wai akwai inda ake biya a samo amsa, ko makarantar da ake rubuta wa yara a allo, ba zan ɓata tawada a kansu ba. A 2024 kaɗai WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai fiye da 200,000 bisa zargin maguɗi. Kuma wadda aka rubuta wa Kemistiri, wa zai rubuta mata ranar da aka miƙa mata allura a asibiti?

Yanzu na juyo gare ku, iyaye mata, don rabin maganar nan taku ce. Ku lissafa yinin 'yarku da gaskiya. Ta tashi da asuba ta yi shara, ta dafa ruwan shayi, ta shirya ƙanne. Ta dawo makaranta wajen ƙarfe biyu, ga wanke-wanke, ga kai markaɗe, ga Islamiyya da la'asar, ga girkin dare, wata ma ga tallan awara ko ɗanwake a bakin titi har isha'i. Yayanta namiji da suke aji ɗaya yana filin ƙwallo. Sai kowa ya kwanta sa'an nan ta kunna tocila, a gajiye liƙis, shi ya sa karatun da za ta iya a lokacin bai wuce bin shafi da ido ba. Sa'an nan mu ce ba ta barci saboda ƙoƙari. Na san halin da ake ciki, na san wani gidan da cinikin awarar nan ake cefane. Ban ce a sauke mata aiki duka ba, mace ba ta rasa aikin gida. Abin da nake roƙo awa ɗaya da rabi ne a yini wanda ba mai kiran sunanta, ko an yi baƙi, ko jariri na kuka. A ganina bayan sallar asuba ya fi, kai a sake, gari da sanyi, hasken Allah na tahowa ba ruwanki da an kawo wuta ko an ɗauke. Sharar safe a ba ƙanenta, ba abin da zai same shi don ya riƙe tsintsiya.

Barci kuma ba lalaci ba ne. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce 'yan shekara 13 zuwa 18 suna bukatar awa 8 zuwa 10, kuma an tabbatar a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana. In kin ga 'yarki ta tsoma ƙafa a bokitin ruwa tana kurɓar Nescafé da ƙarfe ɗaya na dare, ki kashe fitilar. Waya kuma a lokacin karatu ta zauna a hannunki, ba a gefen littafi a kife ba, don kifaffiyar waya ma kira take yi. Haka nan bikin 'yar ƙanwar kishiyar goggo da ya faɗo cikin zangon ƙarshe, da kamu da yini da ɗinkin anko da zaman ƙunshi, mako guda cur ke nan. A yi mata uzuri, ta je yini ɗaya ta dawo. Masu gutsiri-tsoma za su yi, su gaji.

Wata za ta ce, "Malama, ni ban yi boko ba, me zan iya yi mata?" Ke ce ma kika fi dacewa. Malamin allo ba ya bukatar komai sai kunne da rashin sassauci. Ki ce ta ajiye littafin ta bayyana miki darasin yau da Hausa, kina tsinke zogale tana faɗa. Inda ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba. Yarinyar da ta haddace Turancin littafi ba ta fahimta ba, nan take za ta maƙale, gama ba a juya abin da ba a gane ba zuwa Hausa. In ta iya gamsar da ke, sai ta koma ta rubuta shi da Turanci. Ƙawaye ma haka ya kamata su yi in sun taru, su uku ko huɗu, kowace ta zo da tambaya biyar ta yi wa sauran. In sun wuce huɗu hira ce. Wadda gidansu ya cika da hayaniya kuma, in da halin kuɗin mota, ranar da ba makaranta akwai Laburaren Murtala Muhammad a Titin Ahmadu Bello.

Ita dai maƙwabciyata kwasar adashinta ta ɗauka ta biya wa yarinyar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, bayan an sha fama da uban kafin ya ce to, sau ɗaya. Gwangwanaye uku suna kan tagar da nake hango tocila a da. Ran nan na shiga na tarar ana darasin gadon jini. Yarinyar ta zana gida huɗu a ƙasa da gawayi, tana bayyana wa uwar abin da ke faruwa in mai AS ya auri mai AS, zancen da ya shiga kowane gida tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Ta nuna gida ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Uwar ta ce, "Watau in sun haifi huɗu, ɗaya ne zai fito sikila?" Ta ce, "E, Umma." Uwar ta ajiye wuƙar kuɓewa ta ce, "To ya aka yi a gidan ƙanwata su biyar ne, uku sikila?"

Yarinya ta yi tsuru. Ta dube ni, na ɗauke kai. Ta shiga ɗaki ta fi minti goma, sa'an nan ta fito da littafin a rufe a hannunta, ta ce, "Umma, ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban. Duk haihuwa ana sake jefa ƙuri'ar ne, ɗaya cikin huɗu, ba ruwan wannan cikin da abin da aka haifa a baya. Ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya." Uwar ta jinjina kai ta ce, "Yanzu na ji magana," ta ci gaba da yankan kuɓewarta. Yarinyar ta yanki kwalin sabulu ta rubuta tambayar uwar a gaba, amsar a baya, ta jefa a gwangwani na farko. Da na leƙa ranar Talata ya koma na biyu.